Shekarar da Muka Yi Gadin Kaba

Bana bazara ta shigo da zafinta tun da wuri. Tun hantsi yashin tsakar gida yake hana ƙafa sauka, kaji su buɗe baki su laɓe ƙarƙashin rumbu, ruwan randa kuwa ko an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu sai ka ce daga murhu aka sauke shi. Shekaranjiya ina zaune a inuwar zaure, ɗiyata Hadiza ta iso da damin kaba a bayan kabu-kabu. Ta kwance shi a tsakar gida, ta yayyafa masa ruwa don ya yi laushi. Ƙamshin nan na ɗanyar kaba da ta sha ruwa ya tashi ya cika gidan. Ban san lokacin da na ajiye carbi ba. Shekaru ashirin da wani abu suka kau daga gabana, na ga kaina goye da ita wannan Hadizar, ina tsaye a Kwarin Goruba da sanda a hannu.

Ni ƴar Cadakori ce. Aure ya kawo ni wannan ƙauye na kusa da Gangara, a ƙasar Gazawa, shi ya sa har yau Ta-Cadakori ake kirana, sunana na yanka ya kusa ɓata. A gidanmu gyaɗa muka sani, matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli. Da na zo nan sai na tarar mace ba ta da gona sai ɗan gamana da miji ya yanka mata a gefen gandu, in ƙasar ta kai. Abin da yake riƙe da ita shi ne kaba, wato goruba tun tana ƙasa ba ta yi itace ba. Da ganyenta ake saƙa tabarma da faifai, a tufka igiya. Da ita mace take sayen gishiri da sabulu, ta yi biki, ta kai yaro likita. Wadda ta koya mini saƙa ita ce Iya Delu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda yatsunta suka karkace saboda kaba. Ita ta nuna mini yadda ake tsaga ganye da farce, a jiƙa, a rina wani da karan dafi, a saƙa dogon layi mai faɗin tafin hannu sannan a haɗa a ɗinke.

Kwarin Goruba yana arewa da gari, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Lokacin da na zo suna kawai ya rage masa. Iya Delu ta ce da ƙuruciyarta in ka shiga ba ka ganin rana, birai na jifan mutane da ƙwallon goruba. Ni abin da na tarar ƴan kututture ne birjik a yashi, ko wanne da ɗan tsiron da bai wuce gwiwa ba. Kowa yanka yake, da mu da baƙi. Ganye bai gama buɗewa ba an sa masa wuƙa, har zuciyar ake cirewa. Kabar ta gajarce, sai an yi ta ƙari kafin layi ya tafi, tabarmar kuma ba ta da daraja a kasuwa.

Ana haka wata madam ta zo daga furoje, wato shirin raya karkara, baƙa siririya, mai yawan dariya. Ta tara mata a gindin tsamiya, ta ce in muna so kwarin ya dawo, mu bar shi ya huta damina biyu da rani biyu. A kowane gungu mu zaɓi tsiro ɗaya mai ƙarfi mu ɗaura masa tsumma, shi ba za a taɓa shi ba har abada, sai ya zama itace ya yi ƴaƴa. Sauran kuwa, ranar da ruwan shuka na damina ta uku ya sauka aka gama shuka, sai a buɗe, mata su riƙa yankar ganyen waje kaɗai, a bar zuciya. Yankan na ƙungiyar mata ne. Za mu haɗa tabarminmu mu kai kasuwar Gazawa da kanmu, inda ƴan kasuwar ƙetaren iyaka ke saye, mu daina sayar wa masu bi gida-gida a wulaƙance. Da ribar fari za mu sayi amalanke da sa.

Maigari ya yarda. Aka naɗa Iya Delu shugabar mata. Aka kuma ce sai an yi komiti na maza, don mace ba ta kama ɓarawo, aka ba ƙanen maigari, Mamman Dogo, shugabancinsa. Kafin a shafa fatiha Iya Delu ta ɗaga hannu.

"Mamman, yanzu wuri ya mutu, kowa ya yarda namu ne. In ya yi kyau fa?"

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Haba Iya! In ya yi kyau naku ne mana. Mi namiji zai yi da kaba? Saƙa muka iya?"

Duk aka yi dariya, liman ya ja fatiha, muka shafa.

Shekarar farko ba ta yi wuya ba, don an samu hatsi. Muka raba gadi bibbiyu, kullum mata biyu a kwarin daga hantsi zuwa la'asar. Muka yayyaga tsofaffin zannuwa muka ɗaɗɗaura wa tsiron da muka zaɓa. Kabar saƙa kuwa sai mu saye ta a kasuwar Gangara ko mu yi doguwar tafiya mu yanko, saƙar ta ragu, amma ana ci ana sha. Makiyaya ma ba su ba mu wahala ba. Da muka yi musu bayani, wani dattijonsu ya ce da Fulatanci, "Too, wooɗi," wato ya yi kyau, ya karkatar da shanunsa ta gabas, daga ranar ba su sake ratsawa ta ciki ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba mugun mutum ba ne, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Shi ya fafe mini sandar gadi daga reshen aduwa, ya goge ta don kada ta ci mini hannu. Akwai ranar da na manta gorar ruwa, ya biyo ni da ita har kwarin. Ni kuwa ba ni da abokin hira kamarsa. In an ci tuwon magariba na kan zauna ina tsaga kaba ina zuba masa labari: yau tsiron da na ɗaura wa jan tsumma ya kai ƙuguna, gefen arewa ya fi ko'ina tsawo da kauri, Iya Delu ta ce ba ta ga irin wannan ganye ba tun tana amarya. Har hanyar da amalanke zai bi ya shiga ba tare da ya kafe a yashi ba, ni na gano ta, ta bayan tsohuwar rijiya inda ƙasa ke da tauri, ni kuma na faɗa masa, don ina ta lissafin amalankenmu. Ya kan yi murmushi ya ce, "Ke dai Ta-Cadakori, wata rana ke za ki kai ni Makka."

Damina ta biyu ce ta juya mana baya. An yi shuka lafiya, an yi noman fari, an yi maimai, hatsi ya yi baƙi ƙirin don kyau. Yana cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Kullum hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, mu kwashe shanya, sai ya watse. Ganyen hatsi ya naɗe kamar an murza shi. Ɗan abin da ya yi ƙwaya tsutsa ta bi zangarniya ta cinye, in ka girgiza sai gari ya zubo. Da kaka muka ɗauko abin da gonar ta bayar, ko gindin rumbu bai rufe ba. Waken gamanata kuwa ko irin da na zuba bai mayar ba.

Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun koma ɗakin ɓera. Maza suka watse ci-rani, wasu Katsina, wasu Kano, wasu Agadas. Maigida ya tafi shi ma, ya dawo farkon bazara da zazzaɓi da ɗan ƙullin garin rogo, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. A gidan akwai ni da shi da yara uku, Hadiza ce ƙarama, tana nono.

Na san yadda ranakun nan suke tafiya kamar jiya aka yi su. Da asuba mu tafi rijiya, ruwa ya yi ƙasa, sai an ƙara igiya, guga ya fito rabi da laka. Daga nan a shiga daji neman anza. A tsinko ƴaƴanta, a ɓare, a dafa, a zuba a tukunya ana sauya mata ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, in ka yi gaggawa ta kayar da kai. A haɗa da ganyen jiga ko na aduwa, a barbaɗa ɗan gishiri. Ranar da aka samu dusa, ranar an yi sa'a. Garin rogo kuwa da murfin kwano nake auna shi, in jiƙa da ruwa mai yawa ya kumbura ya cika ido. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da la'asar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun garin. Ƙauyen da tun asuba taɓarya ke amsa wa taɓarya, sai ya zama in ka ji daka a wani gida, kowa ya san gidan, yara su je su tsaya a bakin ƙofa.

Cikin wannan hali muka ci gaba da gadi. In zagayena ya zo na kan goya Hadiza, in ɗauki sanda da gora, in tafi da wadda aka haɗa mu. Rana ta tsaya a ka, yashi na ƙuna ta cikin takalmi, ido ya riƙa ganin ruwa-ruwa a nesa. Ko'ina ya bushe ya yi fari, amma kwarin kore shar. Goruba ba ruwanta da fari, saiwarta ta san inda ruwa yake. Kabar ta kai ƙirji, wata ta wuce kai, ganye ɗaya in ka buɗe shi ya isa ya rufe yaro. In iska ta ratsa sai ka ji tana kaɗawa kamar ana shiƙar hatsi. Mu zauna a inuwarta cikinmu na kuka, mun san dami ɗaya daga cikinta zai zama tiyar hatsi a kasuwa, mu kalle ta, mu haɗiye yawu.

Da abin ya yi tsanani muka je wa Mamman Dogo, muka ce a buɗe mana ko gefe ɗaya ne, mu yi saƙa mu ceci yara. Madam ba ta nan, tun bayan kaka aka ce an mayar da ita wani wuri.

"Alkawari kaya ne," in ji shi. "An shafa fatiha a kan ruwan shuka. In kuka karya yau, gobe wa zai ƙara yarda da maganar mata? Ku yi haƙuri, saura ƙiris."

Na kai wa maigida ƙara, shi ma ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Kun ci wuyar, kada ku zubar a bakin gaɓa."

A cikin kwanakin ne aka kama Abu, wata bazawara mai marayu huɗu, ta yanki abin da bai wuce runguma ɗaya ba. Mamman Dogo ya sa aka ɗora mata kabar a ka aka zaga da ita ƙofar maigari, aka karɓe wuƙarta, aka ci ta tarar ƴar akuyar da ta rage mata. Iya Delu ta roƙa, ya ce doka ba ta san marayu ba. Bayan kwana kaɗan Abu ta kwashe ƴaƴanta ta bi motar Maradi. Ba ta sake dawowa garin nan ba.

Bazara ta kai ƙarshe, iska ta fara juyowa daga kudu da ɗan danshi, gawo ya soma zubar da ganye. Kowa ya san ruwa ya kusa. Muka wasa wuƙaƙenmu. Iya Delu ta raba mu rukuni-rukuni, ta faɗi wanda zai fara da wane gefe. Sai wata safiya Mamman Dogo ya sa aka yi shela cewa ana awon yara a Gangara, ana ba waɗanda suka rame garin kunu, duk mace mai ƙaramin yaro ta tafi. Wace ce ba ta da ƙaramin yaro, ko jika? Muka ce gadi fa? Ya ce, "Ku tahi hankali kwance. Mi ye amfanin komiti? Kwana biyu dai, mu maza mun ɗauke muku."

Har godiya muka yi masa.

Muka tafi a ƙasa, ayari guda, kowa da goyo. A Gangara muka tarar da mata daga ko'ina, layi ya zagaye gini ya fita titi. Muka yini a rana, layi bai zo kanmu ba, muka kwana gidajen dangi. Washegari aka zagaya wa Hadiza wani ɗan zare a damtse, aka ɗora ta a sikeli tana tsala ihu, aka ba ni ƙullin garin kunu. Wasu aka ce nasu ba su rame sosai ba, suka dawo hannu wofi.

Na shigo gida da la'asar sakaliya, ƙafafuna sun kumbura. Ina ɗaga labulen ɗaki na ga buhu jingine da bango, hatsi ya kusa rabinsa. Na zura hannu har wuyan hannu don in tabbata. Hatsi ne, mai sanyi, mai ƙamshin rumbu.

"Maigida, wannan fa?"

Yana zaune a bakin ƙofa da doguwar rigarsa ta zuwa masallaci, duk da zafin da ake yi. Bai dube ni ba ya ce, "Wani Alhaji ne ya zo neman masu lodi. Allah ya sa na samu shiga."

Na durƙusa na yi masa godiya. Na ce Allah ya ƙara buɗi, Allah ya bar mana shi. Gajiyar ta bi iska. Na jawo turmi na surfa, na bakace, na wanke, na daka. Ina dakan sai na ji wata taɓarya ta amsa daga gidan kudu, wata daga bayan masallaci, wata can gaba. Na ce a raina, ashe Alhajin nan mutane da yawa ya ɗauka, Allah ya saka masa. Na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka. Yara suka ci har suka riƙa lumshe ido a kan kwano. Ni ma na ci, na ji ɗuminsa yana sauka har yatsun ƙafa, na ji nono ya kawo. A duk rayuwata ban taɓa cin tuwon da ya kai wannan daɗi ba.

Da safe zagayen gadi nawa ne da Iya Delu. Tun daga tsohuwar rijiya na ga sawun amalanke, ba ɗaya ba, ba biyu ba, sun bi ta kan ƙasar nan mai tauri sun shiga sun fito. Iya Delu ta tsaya ta dubi sawun, ta ƙara sauri. Muka hau ɗan tudun da in ka hau kake ganin kore.

Babu kore. Kwarin ya koma yadda na same shi ina amarya, har ya fi muni. An aske shi tas. Ba yankan mai saƙa ba ne, sara ne na adda da gatari, na mai gaggawa. Waɗanda muka ɗaura wa tsumma, waɗanda suka fara yin jiki suna shirin zama itace, su aka fi yi wa illa, don su ne masu dogon ganye. An fille musu kai an zaƙulo zuciyar, farin cikinsu a buɗe yana tsatsafo da ruwa, ƙudaje na bi. Tsummokaranmu na warwatse a yashi. Wurin duk yana warin ɗanyen ganye.

Iya Delu ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ɗauki wata zuciyar kaba da aka yar, ta riƙa shafa ta kamar kan jariri. Ni kuwa kuka ma ya ƙi zuwa. Abin da ke raina ɗaya ne, in ruga gida in faɗa wa maigida, ya tashi ya tara maza a bi sawu.

Na iske shi a bayan ɗaki yana alwala. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Na buɗe baki zan yi magana sai idona ya sauka a kan damatsansa. Reshen kaba yana da ƙaya baƙa mai lanƙwasa kamar ƙugiya, duk wanda ya shiga yankanta da gaggawa sai ta zane shi. Na san zanen nan, ina da irinsa tsofaffi a hannuna. Nasa sababbi ne, ja wur, tun daga wuyan hannu har sama, wasu sun fara ruwa.

Ya ga inda nake kallo. Ya ajiye buta a hankali.

"Lodin mi kuka yi wa Alhajin?" na ce.

Ya shiga sauke hannun rigarsa.

"Maigida, ina tambayarka. Lodin mi?"

"Mamman ya riga ya sayar," ya ce. "Tun watan jiya suka gama magana da mutumin. Ko na shiga ko ban shiga ba, yanke ta za a yi. In tsaya ina kallo wasu su kai hatsi gida, nawa ƴaƴan na cin anza?"

"Tun watan jiya. Ka sani ke nan ranar da ka ce mini kada mu zubar a bakin gaɓa."

Ya sunkuyar da kai.

"Hanyar bayan rijiya fa? Wa ya nuna musu?"

Ya ɗago, ransa ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda ba shi da gaskiya. "Yaran nan sun ci jiya ko ba su ci ba? Ke kanki kin ci ko ba ki ci ba?"

Na ci. Abin da ya rufe mini baki ke nan. Tuwon yana cikina, na kuma durƙusa na gode.

Da la'asar mata suka cika ƙofar maigari. Maza na zaune a kan tabarmin da muka saƙa, kowa ya saki hannun riga har yatsu. Mamman Dogo bai ko musa ba. Ya ce daji na gari ne tun kaka da kakanni, gari ya shiga wuya, komiti ya duba ya ga abin da ya fi. Ya ce da an bar mu, kafin mu tsaga mu saƙa mu kai kasuwa an yi jana'iza nawa? Ya ce hatsin ai cikin gidajenmu ya shiga. Bai faɗi abin da ya shiga nasa gidan ba, amma kafin kaka ya sayi babur.

Iya Delu ta miƙe da ƙyar, ta dogara sanda.

"Mamman, da ka zo ka ce muna, mata, yunwa ta yi yawa, ku yanki kabarku a sayar, wa zai ƙi? Mu muka roƙe ka, ka ce alkawari kaya ne. Da mu muka yanka, da mun bar zuciya, baɗi a sake yanka. Kun kashe uwa don ku sha nono sau ɗaya." Ta juya ta dubi mazan ɗaya bayan ɗaya. "Ba sayarwar ta fi ci mini rai ba. Kun aike mu Gangara da ƴaƴanku a baya. Kuma akuyar Abu, wa zai mayar mata?"

Babu wanda ya ɗaga kai. Maigari ya ce a yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce, liman ya ja fatiha. Mata da yawa ba su ɗaga hannu ba. Ni ma ban ɗaga ba.

Kwana biyu ina dafa hatsin nan ina ba yara da maigida, ni ina cin anza. Nono ya sake ɗaukewa, Hadiza ta riƙa kuka tana cizona. Iya Delu ta leƙo ta katanga ta gan ni, ta zagayo ta ɗauki kwanon tuwo ta dangwara a gabana.

"Ci, Ta-Cadakori. Duk garin nan ba wanda ya fi ki haƙƙi a kansa. Guminki ne, ta bayan gida kawai aka shigo miki da shi."

Na ci ina hawaye. Bai yi daɗin na ranar fari ba.

Ba a yi mako ba ruwan ya sauka. Hadari ya taso da rana tsaka, gari ya yi duhu, aka yi ta zuba har kwari ya ɗauki ruwa. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita tsirara suna tsalle. Ruwan shuka na damina ta uku ke nan, wanda muka yi shekara biyu muna jira. Washegari muka fita gona. Maigida na gaba da sungumi yana sara, ni ina bayansa da ƙwarya, in jefa iri in rufe da diddige. Muka kai ƙarshen gona muka juyo, muka sake kaiwa muka juyo, daga safe har azahar, ba wanda ya ce wa wani uffan. Wuƙar da na wasa tana soke a jikin danga, har ta yi tsatsa ban cire ta ba.

Ruwan ya shiga cikin kututturan da aka buɗe ya ruɓar da su. Ƙananan sun sake tsirowa, amma ba wadda ta ƙara zuwa gadi. Da rani aka ce tunda wurin ba shi da amfani a raba shi gonaki, aka sa wuta aka tumɓuke saiwoyin. Iya Delu ta rasu bayan damina biyu. Wani mutum ya taɓa zuwa daga furojen a farar mota, ya zaga da Mamman Dogo, na ji an ce an faɗa masa mata ne suka kasa riƙe amana da yunwa ta zo.

Yanzu su Hadiza suna da nasu wurin, can yamma da gari, ƙarami ne, bai kai rabin namu ba. Sun kewaye shi da waya, sun je har meri, ofishin magajin gari, an shaida na ƙungiyarsu ne, mai gadi tana da salula a ƙugu. Babu komitin maza. Da aka zo kafa ƙungiyar wani ya kawo shawarar a sa dattawa su taya su, sai ƴan matan suka dubi juna suka yi dariya, don duk da labarin nan aka yaye su. Gorubarsu ta fara ƴaƴa bara. Amalanken ma sun saya, har biyu.

Ni da maigida kuwa mun zauna. Ban yi yaji ba, ban kai ƙara gida ba. Na ƙara haifa masa biyu, na yi masa tuwo, na wanke masa tufafi, na yi jinyarsa shekarar da ƙafa ta kwanta masa. Bai taɓa tayar da maganar kwarin ba, ni ma haka. Da ciwon ajali ya zo ya ce in yafe masa duk abin da ya yi mini, na ce na yafe, kuma har ga Allah na yafe. Sai dai tun daga waccan bazara hirar magariba ta mutu a gidanmu. Ya kan zauna ya ce, "Yau ba labari, Ta-Cadakori?" In ce, "Sai alheri." Na koma matsar man gyaɗa irin na gidanmu, na shiga adashe, na yi ta tari a inda ni kaɗai na sani. Ranar da na sayi jar akuyata ta fari, kukanta ne ya ba shi labari.